Birtaniya: Masu bin tsoffin mashaya a motar bas

A ranakun Asabar, da kuma tsakiyar mako bayan ƙarfe tara da rabi na safe, akan ga rukunin mutane, galibinsu dattawa, a tashoshin bas na biranen Ingila irin su Manchester da Sheffield da Liverpool, kowannensu riƙe da jadawalin motoci da ɗan littafin rubutu.

Suna kan hanyarsu ne ta zuwa tsoffin gidajen giya na unguwanni, wato waɗanda Turawa ke kira pub, domin ɗanɗana giyar gargajiya da kuma giyar tuffa.

Ga wanda addininsa ya haramta masa barasa, wannan al'ada na iya zama abin mamaki, ko ma abin ƙyama. Sai dai fahimtarta na taimakawa wajen gane wasu manyan batutuwa da ake muhawara a kansu a Birtaniya, kamar dokokin tuƙi, da makomar sufurin jama'a, da kaɗaicin tsofaffi, da kuma asarar rayukan da barasa ke haddasawa.

Gidajen da ake kai wa ziyarar ma dai ƙarewa suke yi. Alƙaluman ƙungiyar masu kamfanonin giya da mashaya ta Birtaniya sun nuna cewa akwai irin waɗannan gidaje kimanin 60,800 a shekara ta 2000, amma ya zuwa shekara ta 2024 sun ragu zuwa kusan 45,000.

Gidan jama'a

Kalmar pub dai gajarta wani suna aka yi da ke nufin gidan jama'a. Asalinsa gidan wani ne da ke da izinin buɗe ɗakinsa ga baƙi domin sayar musu da abin sha, kuma har yanzu akwai masu mashayar da ke zaune da iyalansu a benen da ke samanta.

Tun a shekara ta 1393 Sarki Richard na Biyu ya tilasta wa masu sayar da giya rataya alama a ƙofar gidajensu, domin jami'an da ke duba ingancinta su riƙa gane su. Da yake mafi yawan jama'a ba su iya karatu ba a lokacin, sai aka riƙa zana hotuna, kamar jan zaki ko kambin sarauta. Daga nan ne sunayen da gidajen ke amfani da su har yau suka samo asali.

A shekara ta 1830 majalisar dokoki ta zartar da wata doka da ta bai wa duk mai biyan harajin gida damar dafa giya da sayar da ita idan ya biya ɗan kuɗin lasisi. Manufar ita ce janye talakawa daga shan barasa mai ƙarfi da ake kira jin. Cikin 'yan shekaru aka buɗe dubun-dubatar sababbin mashaya, musamman a garuruwan masana'antu.

Ga ma'aikacin masaƙa ko na ma'adinai da ke zaune da iyalinsa a ƙuntataccen ɗaki mai sanyi, mashaya ce wurin da ake samun wuta da haske da labarai. A can ƙungiyoyin ƙwadago da na taimakon juna ke taro, a can kuma ake jin inda ake neman ma'aikata. Ta wannan fuskar, matsayinta ya yi kama da na teburin mai shayi ko majalisar ƙofar gida a ƙasar Hausa, sai dai abin da ake sha ne ya bambanta.

Gwamnatoci kuwa sun daɗe suna sa mata ido. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya an taƙaita sa'o'in buɗe mashaya domin kada ma'aikatan masana'antun makamai su riƙa zuwa aiki a buge, har ma aka haramta wa mutum ya saya wa abokinsa giya a wasu yankuna. Dokar rufe mashaya da la'asar ta ci gaba da aiki a Ingila har zuwa shekara ta 1988.

Giyar ganga

Abin da masu wannan yawo ke nema shi ne giyar da ake kira real ale, wato giyar ganga. Da ruwa da tsiron sha'ir da yis da wani fure mai ɗaci da ake kira hops ake yin ta, kamar dai sauran nau'o'in giya.

Bambancin yana ƙarshen aikin. Giyar manyan kamfanoni akan tace ta, a ɗumama ta domin kashe ƙwayoyin yis, sannan a ɗura ta a tulun ƙarfe a matse ta da iskar gas. Tana iya yin watanni ba ta lalace ba, kuma ɗanɗanonta ɗaya ne a ko'ina.

Ita kuwa giyar ganga da ragowar yis mai rai ake ɗura ta, saboda haka takan ci gaba da tsima a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na mashayar, inda ake son sanyin ya tsaya tsakanin digiri 11 zuwa 13 a ma'aunin Celsius. Mai gida zai bar ta ta kwanta, ya huda gangar domin iska ta fita, sannan a riƙa zuƙo ta da famfon hannu.

Gangar da aka fi amfani da ita na ɗaukar galan tara, wato kofi 72, kowane kofi kuma ya ɗan haura rabin lita. Da zarar an buɗe ta, iska na shiga, kuma cikin kwana uku ko huɗu takan fara tsami, kamar yadda burkutu ba ya jure ajiya.

Ma'anar wannan ita ce, mashayar da ba ta da isassun masu saye ba za ta iya sayar da irin wannan giya ba tare da yin asara ba. Haka kuma ba a iya ɗaukarta zuwa gida cikin sauƙi kamar ta kwalba. Duk mai son ta dole ne ya je inda take, kuma tun da kowane gida da irin wadda yake ajiyewa, sai mashayan suka ɗauki ɗabi'ar zagayawa daga wannan gida zuwa wancan.

Ƙungiyar CAMRA

A farkon shekarun 1970 wannan giya ta kusa ɓacewa. Manyan kamfanoni shida, wato Allied da Bass Charrington da Courage da Scottish and Newcastle da Watney Mann da Whitbread, sun saye ƙananan kamfanoni da dama sun rufe su, sannan suka cika mashayunsu da giyar tulun ƙarfe wadda ta fi sauƙin sarrafawa. Gidajen da ke dafa giyarsu da kansu, waɗanda a da sun kai dubbai, huɗu kacal suka rage a duk ƙasar.

A watan Maris na shekara ta 1971 wasu matasa huɗu daga arewa maso yammacin Ingila, wato Michael Hardman da Graham Lees da Jim Makin da Bill Mellor, suka kafa wata ƙungiya a yayin da suke hutu a yammacin Ireland. Ita ce daga baya aka sani da suna CAMRA, wato ƙungiyar fafutukar kare giyar ganga, wadda ta kafa hedkwatarta a garin St Albans.

Uku daga cikinsu 'yan jarida ne, lamarin da ya taimaka wajen yaɗa manufarsu. Ƙungiyar ta riƙa shirya jerin gwano da akwatin gawa a duk lokacin da za a rufe wani kamfanin giya, ta fara buga littafin jagora na shekara-shekara mai suna Good Beer Guide a 1974, sannan ta soma babban bikin baje kolin giya na ƙasa a 1977. Kafin annobar korona mambobinta sun haura 180,000, ko da yake sun ragu daga bisani.

A shekara ta 1989 hukumar hana babakere a harkar kasuwanci ta gano cewa kamfanonin shida ne ke samar da kashi 75 cikin ɗari na giyar ƙasar. Gwamnatin Margaret Thatcher ta umarci duk kamfanin da ke da mashaya fiye da 2,000 da ya saki rabin abin da ya ɗoru a kai.

Sai dai sakamakon bai zo yadda aka zata ba. Wasu sababbin kamfanoni da ba sa dafa giya ne suka saye dubban gidajen da bashin banki, suka ba da su haya, tare da sharaɗin cewa ɗan haya zai riƙa sayen giya daga wurinsu a kan farashin da ya fi na kasuwa. Wannan tsari na daga cikin abubuwan da 'yan haya suka daɗe suna kuka da su.

A ɗaya ɓangaren kuma, rangwamen harajin da ministan kuɗi Gordon Brown ya yi wa ƙananan kamfanoni a shekara ta 2002 ya sa an buɗe ɗaruruwan sababbi, har yawansu ya haura dubu ɗaya.

Giyar tuffa

Abu na biyu da masu yawon ke nema shi ne cider, wato giyar da ake yi da ruwan tuffa. Cibiyarta na yammacin Ingila, a yankunan Herefordshire da Somerset da Devon, inda ake noma wasu nau'o'in tuffa masu bauri da ba a iya ci.

A lokacin kaka akan niƙa tuffar, a matse ruwan, a zuba a ganga a bar shi ya tsima tsawon hunturu. Akwai kuma wadda ake yi da wani ɗan itace mai kama da tuffa, ana kiranta perry.

A da manoman yankin kan biya wani ɓangare na ladan leburorinsu da wannan giya, har sai da majalisar dokoki ta haramta hakan a shekara ta 1887. A shekarar ce kuma Percy Bulmer ya kafa kamfaninsa a garin Hereford, wanda ya zama ɗaya daga cikin mafiya girma a duniya a wannan fanni.

Birtaniya ce ta fi kowace ƙasa shan giyar tuffa, amma mafi yawan wadda ake sayarwa daga daskararren ruwan tuffa da sukari da ruwa ake haɗa ta. Dokar da aka kafa a 2010 ta tanadi cewa kashi 35 cikin ɗari na ruwan tuffa ya wadatar a kira abin sha da wannan suna. Masu ra'ayin gargajiya na ganin hakan ya yi kaɗan, shi ya sa suke neman gidajen da ke sayar da ta ƙananan manoma, wadda ƙarfin barasarta kan kai kashi bakwai ko takwas cikin ɗari, wato kusan ninki biyu na giyar ganga.

Dalilin hawa bas

Babban dalilin da ya sa ake wannan yawo a motar bas shi ne doka. A shekara ta 1967 ministar sufuri Barbara Castle ta gabatar da dokar da ta ƙayyade yawan barasar da za a iya samu a jinin direba, wato miligiram 80 a cikin kowace mililita 100, ta kuma bai wa 'yan sanda na'urar gwada numfashi a bakin hanya.

Masu mashaya sun yi ta ƙorafin cewa za ta kashe musu kasuwa, kuma ministar, wadda ita kanta ba ta tuƙi, ta samu wasiƙun barazana. Amma a shekarar farko kawai yawan mutanen da ke mutuwa a haɗuran mota ya ragu da fiye da dubu ɗaya.

Duk wanda aka kama ya haura wannan ƙa'ida akan ƙwace lasisinsa na aƙalla shekara guda, kuma ana iya ɗaure shi na tsawon wata shida. Yankin Scotland ya rage nasa ma'aunin zuwa miligiram 50 a watan Disamba na 2014.

Alƙaluman ma'aikatar sufuri sun nuna cewa mutane 1,640 ne suka mutu a haɗuran da suka shafi tuƙi a buge a shekara ta 1979, yayin da a 2022 aka ƙiyasta kimanin 300.

Dalili na biyu shi ne kuɗi. Tun daga watan Afrilu na 2008 tsofaffin Ingila ke da katin hawa bas kyauta a ko'ina cikin yankin, daga ƙarfe tara da rabi na safe zuwa sha ɗaya na dare a ranakun aiki, da kuma duk tsawon ranakun Asabar da Lahadi. Wannan ne ya sa 'yan fansho suka fi yawa a cikin masu zagayen, ya kuma sa da rana suka fi yin sa.

Rassan CAMRA na garuruwa kan buga mujallu na kyauta da ke bayyana lambar motar da za a hau, da tashar da za a sauka, da lokacin motar ƙarshe. Wasu rassan kan shirya gasa inda ake manna wa mutum alama a katinsa a kowane gida da ya shiga. Yawancin masu yawon rabin kofi suke sha a kowane wuri, wasunsu kuma kan rubuta sunan duk giyar da suka taɓa ɗanɗanawa a littafi.

Misalin Manchester

Birnin Manchester, wanda ya bunƙasa da masaƙun auduga a ƙarni na 19, na daga cikin wuraren da aka fi yin wannan zagaye.

A kan titin Great Bridgewater akwai Peveril of the Peak, wani ƙaramin gini da aka lulluɓe bangonsa da koren tayil, wanda a yanzu dogayen benaye suka kewaye shi. Ɗan gaba kaɗan akwai Briton's Protection, da ke nan tun farkon ƙarni na 19, inda aka zana hotunan kisan Peterloo na shekara ta 1819, lokacin da sojojin doki suka afka wa masu gangamin neman 'yancin zaɓe a wani fili da ke kusa.

A titin Portland akwai Circus Tavern, wadda teburin sayarwarta na daga cikin mafiya ƙanƙanta a ƙasar. Daga tsakiyar gari kuma akan hau mota zuwa titin Rochdale domin ganin Marble Arch, ginin shekara ta 1888 da daɓensa ya gangara zuwa gefe guda.

Yankin na da tsoffin kamfanonin giya huɗu da har yanzu ke hannun iyalan da suka mallake su tun ƙarni na 19, wato J.W. Lees da Robinsons da Joseph Holt da Hydes. Shi kuwa kamfanin Boddingtons, wanda a da ya fi su suna, an rufe masana'antarsa ta unguwar Strangeways a shekara ta 2005.

Su kansu motocin bas ɗin suna da nasu tarihin. A shekara ta 1986 gwamnatin Thatcher ta sakar wa kamfanoni masu zaman kansu harkar bas a ko'ina ban da Landan, inda kowane kamfani ya riƙa zaɓar hanyoyin da yake ganin riba. Hanyoyin da suka fi shan wahala su ne na ƙauyuka da na dare, kuma tsuke bakin aljihun da aka yi wa ƙananan hukumomi daga shekara ta 2010 ya sa an soke da dama daga cikin waɗanda ake tallafa wa.

Idan motar ƙarshe ta bar unguwa da ƙarfe shida na yamma, mashayar da ke can kan rasa baƙinta, ma'aikatanta kuma su rasa abin hawa zuwa gida.

Magajin garin yankin Manchester da aka zaɓa a 2017, Andy Burnham, ya yanke shawarar mayar da motocin ƙarƙashin ikon hukuma. An fara aiwatar da tsarin, mai suna Bee Network, a watan Satumba na 2023, aka kammala a Janairun 2025. Shi ne yanki na farko a wajen Landan da ya ɗauki wannan mataki tun bayan 1986.

A matakin ƙasa kuma gwamnati ta ƙayyade kuɗin tafiya ɗaya a kan fam biyu daga Janairun 2023, sannan ta ɗaga shi zuwa fam uku a Janairun 2025.

Dalilan rufewa

Masu nazarin wannan harka na danganta rufe mashaya da dalilai da dama.

Na farko shi ne farashi. Manyan kantuna na sayar da giyar gwangwani a kan kuɗin da bai kai rabin na mashaya ba, saboda haka mutane da yawa sun koma sha a gida. Daga 2008 zuwa 2013 kuma gwamnati ta riƙa ƙara harajin giya da kashi biyu cikin ɗari a kan hauhawar farashi a kowace shekara.

Na biyu shi ne dokar hana shan taba a cikin gine-ginen jama'a, wadda ta fara aiki a Scotland a 2006, a Ingila kuma ranar ɗaya ga watan Yuli na 2007.

Na uku shi ne durƙushewar masana'antu. Mashayar da aka gina a bakin ƙofar masaƙa ko tashar jiragen ruwa ba ta da masu saye bayan an rufe wurin aikin.

Annobar korona ta zo ta ƙara dagula lamarin. An rufe dukkan mashaya ranar 20 ga watan Maris na 2020, aka zubar da miliyoyin kofuna na giyar ganga da ta lalace. Bayan nan sai ga tsadar wutar lantarki da iskar gas da ta biyo bayan mamayar da Rasha ta yi wa Ukraine a 2022.

A birane kuwa, sau da yawa filin da mashaya ke kai ya fi cinikinta daraja, lamarin da kan sa masu ginin su gwammace su mayar da shi gidajen haya ko kanti.

Yunƙurin ceto

Wata doka ta shekara ta 2011 ta bai wa mazauna unguwa damar yi wa mashayarsu rajista a matsayin kadarar al'umma, ta yadda idan za a sayar da ita za a ba su wata shida su tara kuɗi. Tun kafin dokar, a 2009, masu zuwa wata mashaya mai suna Star Inn a Salford, maƙwabciyar Manchester, sun yi karo-karo sun saye ta a wajen gwanjo. Daga 2017 kuma aka wajabta neman izinin hukuma kafin a rushe mashaya ko a sauya mata aiki a Ingila.

Shari'ar da ta fi jan hankali ita ce ta Carlton Tavern da ke Landan, wadda aka rushe ba da izini ba a watan Afrilu na 2015. Ƙaramar hukumar Westminster ta ba da umarnin a sake gina ta kamar yadda take, kuma an sake buɗe ta a Afrilun 2021.

A watan Agusta na 2023 gobara ta cinye Crooked House da ke kusa da Dudley, wani gini na shekara ta 1765 da ya karkace saboda haƙar ma'adinai a ƙarƙashinsa. Kwana biyu bayan gobarar aka rushe abin da ya rage, lamarin da ya harzuƙa jama'a a faɗin ƙasar. A watan Fabrairu na 2024 ƙaramar hukumar yankin ta ba da umarnin a sake gina shi, masu ginin kuma suka ɗaukaka ƙara.

Illar barasa

Masu kare mashaya na cewa shan da ake yi a bainar jama'a, a gaban mai gida da doka ta hana shi sayar wa wanda ya bugu, ya fi sauƙin illa a kan wanda mutum ke yi shi kaɗai a ɗaki. Suna kuma cewa ga tsohon da matarsa ta rasu, 'ya'yansa kuma suka yi nisa, wataƙila a nan kaɗai yake samun wanda zai yi hira da shi.

Likitoci kuwa na nuni da alƙaluma. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce mutane 10,473 ne suka mutu a Birtaniya a shekara ta 2023 sakamakon cututtukan da barasa ce kai tsaye ta haddasa su, galibi ciwon hanta, adadin da ba a taɓa gani ba kafin lokacin.

A 2016 manyan jami'an lafiya na ƙasar sun shawarci maza da mata da kada su wuce kwatankwacin kofi shida na matsakaiciyar giya a mako. A Janairun 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya. Scotland ta kafa dokar mafi ƙarancin farashin barasa a 2018, ta kuma ƙara shi a 2024.

Shi kansa zagayen mashaya ya taɓa jawo matsala. Wani makamancinsa da ake yi a jirgin ƙasa tsakanin Manchester da yammacin Yorkshire ya shahara har gungun matasa suka riƙa cika ƙauyukan da ke kan hanyar a ƙarshen mako suna tayar da hankali. A 2013 sai da wasu mashayun suka taƙaita nau'o'in barasar da suke sayarwa a ranakun Asabar bayan koke-koken mazauna.

Adawa da barasa ma tsohon abu ne a wannan yanki. A shekara ta 1832 Joseph Livesey da wasu mutane shida suka yi alƙawarin daina sha baki ɗaya a garin Preston, kuma a Manchester aka kafa ƙungiyar neman haramta sayar da barasa a 1853. Mabiya wannan aƙida, waɗanda yawancinsu Kiristoci ne masu tsananin riƙo da addini, sun buɗe nasu wuraren zama inda ake sayar da abin sha na saiwoyi da ganyaye. Ɗaya daga cikinsu, Fitzpatrick's, wanda aka buɗe a garin Rawtenstall a 1890, shi ne ake ɗauka na ƙarshe da ya rage daga wancan zamani.

Baƙi da Musulmi

A shekarun baya ba kowa ake bari ya shiga gidan da ake kira na jama'a ba. A shekarun 1950 da 1960 wasu mashayu kan hana baƙaƙen fata da 'yan Asiya zama a wasu ɗakuna.

A garin Smethwick da ke kusa da Birmingham, 'yan ƙungiyar ma'aikata Indiyawa sun riƙa bin mashayu ɗaya bayan ɗaya suna neman a sayar musu, domin tattara shaidar wariyar da ake nuna musu. A watan Fabrairu na 1965 sun kai Malcolm X ɗaya daga cikin gidajen domin ya gane wa idonsa, kwana tara kafin a kashe shi a New York. A ƙarshen shekarar aka kafa dokar farko da ta haramta wariyar launin fata a wuraren jama'a.

Ƙidayar 2021 ta nuna cewa akwai Musulmi miliyan 3.9 a Ingila da Wales, wato kashi 6.5 cikin ɗari, yayin da a birnin Manchester suka haura kashi 22 cikin ɗari. A wasu unguwanni an mayar da tsoffin mashayu gidajen abinci ko makarantu ko masallatai, abin da ya sa wasu 'yan siyasa suka taɓa ɗora laifin rufewar a kan sauyin al'umma.

Sai dai an rufe dubban mashayu a ƙauyuka da garuruwan da kusan babu Musulmi a cikinsu. Haka kuma wani bincike da masana na jami'ar University College London suka wallafa a 2018 ya nuna cewa yawan matasan Ingila 'yan shekara 16 zuwa 24 da ba sa shan barasa ya ƙaru daga kashi 18 cikin ɗari a 2005 zuwa kashi 29 a 2015, kuma ƙaruwar ta shafi har da fararen fata.

Ga ɗalibi ko ma'aikacin da ya je Birtaniya, akwai abubuwan da ya kamata ya sani. A can duk abin da aka kira cider barasa ne, saɓanin Amurka inda sau da yawa ake kiran ruwan tuffa zalla da wannan suna. Wasu abincin gargajiya ma, kamar naman sa da ake gasawa cikin ƙullun fulawa ko soyayyen kifi, akan sa giya a haɗinsu, don haka yana da kyau a tambaya. Yakan kuma faru abokan aiki su gayyaci mutum mashaya bayan an tashi, kuma Musulmi da dama na cewa ƙin zuwa kan sa su rasa wasu tattaunawa da suka shafi ci gaban aikinsu, lamarin da ya sa wasu ma'aikatu suka fara shirya tarukansu a wuraren da babu barasa.

Mashayun da suka rage dai na ƙoƙarin sauya salo. Da dama sun fi samun kuɗi a abinci fiye da abin sha, suna sayar da shayi da gahawa da giyar da aka cire wa barasa, wasu a ƙauyuka har da kanti ko ofishin gidan waya a cikinsu.

Ita kuwa giyar ganga cinikinta ya daɗe yana raguwa, kuma CAMRA da kanta ta amince cewa mambobinta na tsufa. Masu lura da al'amura na ganin ɗorewar wannan al'ada ta dogara ne a kan ko matasa za su gaje ta, da kuma ko ƙananan hukumomi za su ci gaba da biyan kuɗin motocin da ke kai mutane unguwannin da tsoffin gidajen suke.